'Yar Farin da Uwa Ba Ta Ƙirga Ba

Duk yarinyar da ta zo neman aiki a wurinmu da magana ɗaya take shigowa, wai ta iya ɗibar jini. To, sannu da ƙoƙari. Mai kyamis na bakin tashar Kazaure ma ya iya. Da allura ce kawai aikin, da ba a ajiye ni ina bin ƙauyukan Roni da Gwiwa a bayan babur, kular ajiye jini a kan cinya, har ƙuguna ya riƙe ba. Na gaji da maimaita wa kowace sabuwa bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta karanta ta ga ba za ta iya ba, ta koma ɗinki, ba abin kunya ba ne.

Ga aikin a taƙaice. Akwai ciwon zuciya da ake gada kamar yadda ake gadon wushirya. Ba hawan jini nake nufi ba. Naman zuciyar ne da kansa yake sakewa, ta buɗe, ta kasa tura jini, kamar robar siket da ta gaji. Wani ƙafafunsa su kumbura ya riƙa haki. Wani kuma yana tafe lafiya lau sai ya faɗi, shi ke nan. Mutanenmu sun saba da gwajin sikila na kafin aure, sai su ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Sikila sai uwa da uba sun haɗu a kai. Irin wannan da muka fi gani, mutum ɗaya ya isa. Idan uba na ɗauke da shi, duk ɗan da ya haifa ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi.

Likitan zuciya da ke zuwa mana daga Kano shi ke duba mara lafiya. In ya yi zargin na gado ne, a ɗebi jininsa a aika can nesa inda ake duba ƙwayoyin halitta. In aka ga tabon ciwon a jininsa, nan nawa aikin yake farawa: in nemo duk wanda suka haɗa jini, in kawo shi a gwada tun yana tafiya da ƙafarsa. Sunan aikin a takarda da Turanci yake, ni ma ba na wahalar da bakina da shi. A ƙauye 'yar bin dangi ake ce mini.

Ina gama sakandare aka kai ni hannun Anti Gambo, tsohuwar nas ce da ta fara wannan aiki a yankin nan. Na zo da zafina, ina jiran a miƙo mini allura ranar farko. Jaka aka miƙo mini. Watanni na yi ba abin da nake sai riƙe mata jaka da gaisuwa. Mu shiga gida, ta durƙusa, ta tambayi gona, ta tambayi shanu, ta tambayi jikan da ya yi ƙyanda bara, ni kuwa ina ta kaɗa ƙafa. Sai ta zura hannu ta ƙarƙashin hijabi ta mintsine ni a cinya, fuskarta na murmushi ga matar gida. Har yau in na fara gaggawa a gidan mutane, wurin nan nake jin yana mini zafi.

A wurinta na koyi tambayar mutuwa. Idan kika shiga gida kika ce wa ya mutu da ciwon zuciya, za a ce miki babu. A ƙauye ba wanda ke mutuwa da ciwon zuciya. Ajali ne, ko iska ce ta buge shi a gona, ko sammu, ko ya nutse a kududdufi alhali tun yana yaro yake iyo a ciki. Ba sunan ciwo ake tambaya ba, yadda aka yi ake tambaya. Takalminsa ya daina shigarsa? Yana iya kwanciya rigingine, ko sai an jingina shi da bango? Me yake yi a lokacin da ya faɗi? Allura kuwa a hannunta na koya, ba a jikin lemo ba. Ta miƙo mini ta ce in na fasa mata jijiya, ni zan yi mata wanki har ta warke. Na yi wankin.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Ƙananan kwalaben jini da maganin hana daskarewa a cikinsu suke zuwa. Kina cikawa ki juya su a hankali, ba girgiza ba, ba nono kike kaɗawa ba. Ki rubuta suna a jiki a gaban mai jinin kafin ki taɓa hannu na gaba, domin gida ɗaya za ki tarar da A'isha uku, kowace kuma da sunan da ake kiranta da shi daban. Na'urar da ke zana bugun zuciya tana da wayoyi da ake manna wa mutum a ƙirji da hannu da ƙafa, ba sa kama fatar da ta sha man shanu ko basilin, sai kin goge da sifirit. Ki nemi ɗaki, ki sa wata ta tsare ƙofa. Maza kuwa abokin aikina namiji ke yi musu. Sai farar takarda da muke zana dangi a kai, mace da'ira, namiji akwati, wanda ya rasu a ja masa layi. Kada takardar nan ta ruɗe ki. Abin da kika gaya mata kawai ta sani.

Shekarar da muka fi shan wuya ita ce wadda ruwa ya yi yawa, hanya ta yanke, firijinmu mai aiki da hasken rana ya mutu a tsakiyar damina. Jinin gidaje da dama ya zauna cikin zafi har ya lalace. Muka koma neman na biyu. Kafin mu kai gida na uku magana ta riga mu, wai sayar da jinin muke yi, na farkon ya yi kasuwa shi ya sa muka dawo. Aka riƙa ce mana matan gidan ba sa nan, muna jin dakansu daga zaure. Wani mai unguwa ya ce kada ya sake ganin kularmu a garinsa. Ni na ce a tara su a yi musu bayani da lasifika. Anti Gambo ba ta ko kalle ni ba. Ta kwashi kwalaben da suka lalace, ta bi gida gida tana mayar wa kowa nasa, sunansa a jiki, murfin ba a taɓa ba. Wasu a gabanmu suka tona rami suka binne, kamar yadda ake binne cibiya. Kafin kaka ƙofofi sun fara buɗewa. Tun daga nan ba na huda hannun kowa sai na tabbatar motar Kano za ta tashi.

Aikin da nake so ku riƙe shi ne na gidan su Umaru. Na canza sunayen, kada wata ta je tana nuna mutane da baki. Umaru saurayi ne manomi daga wani ƙauye a bayan Roni, an kawo shi ƙafa kumbure, ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi. Mahaifinsa da irin wannan kumburi ya rasu bai tsufa ba. Wansa Sale yana ɗora buhun gyaɗa a mota ya faɗi, bai tashi ba. Likita ya ɗora Umaru a kan magani, aka aika jininsa, sakamako ya dawo an ga tabon. Lokacin Anti Gambo ta yi ritaya, ni kaɗai na tafi.

Mahaifiyarsu, Inna Adama, Bafulatana ce, irin waɗanda suka zauna suna noma gero, da 'yan shanunsu a bayan gida. Ta karɓe ni da mutunci, ta kawo fura. Bayan doguwar gaisuwa na tambayi 'ya'yanta, ta lissafa mini: marigayi Sale, Umaru, Hassana, auta Bello. Na zana su. Na yi musu bayani, suka yarda, na ɗebi jinin Hassana da na Bello. Aiki ya yi kyau, rana ba ta ko take ba.

Ina fitowa na tarar ana loda amalanke a ƙofar gida. Itace ne gumagumai, irin wanda ba a girkin tuwo da shi, ga sabuwar tukunya ƙatuwa, ga ƙullin kanwa kamar kan mutum. Kowace mace ta san kayan wankan jego in ta gani. Ni kuwa ban ga mai ciki a gidan ba. Na koma na tambayi Inna wa za ta haihu. Ta ce na gidan Goggonsu ne a Gwiwa. Tana faɗa tana gyara mayafi, idonta a ƙasa.

Ku da kuka tashi cikin gari, uwarku na ƙwala muku kira da sunanku tun daga bakin titi, ku saurara. A gidaje da yawa a nan, musamman na Fulani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ana lissafin 'ya'ya ba ta sa shi. Da an yaye shi sai kaka ko goggo ta ɗauke, ya tashi a can. Ba ƙarya ta yi miki ba, ba kuma ƙinsa take ba. Kunya ce, da ita aka raine ta. In kika matsa mata ta faɗi sunan kin ci mutuncinta a cikin gidanta, kuma ba za ki samu ba.

Na durƙusa kusa da ita, na rage murya.

"Inna, ba sai kin kama suna ba. Kafin marigayi Sale, kin yi goyo?"

Ta juya mini ƙeya, ta jawo faifan wake tana tsince tsakuwa. Na jira. Cinyata na mini zafi, na jira.

"Ki je Gwiwa," in ji ta. "Goggonsu ta fi ni sani."

Har na kai zaure na ji muryarta, kamar da faifan take magana: "An ce ta kusa shiga watanta."

A bakin hanya na kira likita. Ya ce kada in bari mako ya juya. Ciki da bayan haihuwa su ne lokacin da irin wannan zuciya ta fi gazawa. Ya ce kanwa na riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, ga tafasasshen ruwa safe da yamma. Mai lafiyayyar zuciya ta ɗauka ta wuce, wadda tata ta saki kuwa kaya ne aka ɗora wa jakin da ya riga ya durƙusa. Sakamakon jini ba zai dawo kafin haihuwa ba, don haka hoton zuciya yake so.

Washegari na dira Gwiwa, na riga amalanken isa. Goggo Hajjo yayar mahaifin su Umaru ce, doguwar tsohuwa mai sayar da man shanu, muryarta ta fi ƙarfin gidanta. 'Yar farin sunanta Mairo, cikin fari ne, ta dawo gida goyon ciki. Gida kuwa a wurinta nan ne. Na gaida Goggo, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni daga takalmi har hijabi, ta ce Mairo 'yarta ce, tun tana tatata ta ɗauko ta, ba ruwanta da ciwon mutanen Roni. Da na ambaci wanka da kanwa sai ta ajiye ƙwaryar hannunta.

"Ke 'yar nan, kin taɓa naƙuda?"

Na ce ban taɓa ba.

"Aure fa?"

Na ce da saura.

"To ɗanyen jiki zan mayar wa mijinta, don wata mai jakar ƙanƙara ta ce? Mata nawa na yi wa wanka a garin nan, je ki ƙirga, duk suna nan suna daka."

Allah ya sani ina da bakin mayar da wannan. Na haɗiye. Na ce Goggo ta yi gaskiya, ni yarinya ce, tambaya kawai na zo yi, tunda ba wanda ya rage da ya san gidan kamarta. Na tambaye ta yadda ƙaninta ya yi jinya. Tsofaffi na son a tambaye su abin da su kaɗai suka sani. Ta zauna ta ba ni labari tiryan tiryan: yadda ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi, yadda yake tari in ya kwanta, yadda a ƙarshe sai a zaune yake barci an jingina shi da buhu.

Ƙofar ɗakin Mairo a buɗe take. Daga inda muke zaune ana hango buhun gero a jikin bango, an ɗora matashi a kai. A bakin ƙofar kuma silifas ne na namiji, ƙato. Na ce, Goggo, Mairo fa, yaya take kwanciya?

Ta ce kowace mai ciki ƙafarta na kumbura. Na ce haka ne, shi ya sa ban ce tana da ciwon ba, hoto ne zai faɗa. Ta juya ta kalli buhun nan. Da ta sake magana muryar ta sauka.

"Innarmu cikin wanka ta tafi. Bayan ta haifi autanmu, ba ta yi arba'in ba. Ta kumbura, tana haki. Aka ce sanyi ne ya shige ta, wankan bai isa ba." Ta nuna inda ta share don sauke itace. "Tun ranar, duk wadda zan yi wa wanka ninka itacen nake."

Na ce, "Goggo, ban san abin da ya ɗauki Innarku ba, ba na nan. Amma ɗanta ya kumbura, jikanta ya kumbura, ba wanda ya yi jego a cikinsu. Wataƙila ba ruwan ne ya yi kaɗan ba."

Ba ta ce na yi gaskiya ba, kuma ban jira ta ce ba. Ta tashi ta leƙa ɗaki ta ce wa Mairo ta gyara, baƙuwa za ta shigo da wayoyinta.

Ku lura da wannan. Izinin Goggo ba izinin Mairo ba ne. Na rufe ƙofa na yi mata bayani ita kaɗai, na gaya mata tana iya cewa a'a. Ta ce ta daɗe ba ta iya kwanciya sosai, in ta je rijiya sai ta huta a hanya, amma ta ga Goggo na ta hidima shi ya sa ta yi shiru. Mijinta yana fataucin tumaki ta wajen Babura, muka same shi a waya, ya ce abin da Goggo ta yanke shi ke nan. Na goge man shanun jikinta, na manna wayoyi, na ɗauki hoton zanen bugun zuciyar da waya na tura wa likita. Na ɗebi jininta. Ina rufe kula sai ga hannu an miƙo mini ta kan kafaɗa. Goggo ce. Ta ce in ɗiba in gani, jinin gidansu ba na banza ba ne. Dama ina neman hanyar da zan roƙe ta, tunda ciki ɗaya suka fito da mahaifin su Umaru.

Hoton da aka yi a Kazaure ya nuna zuciyar Mairo ta fara buɗewa. Likita ya ce Kano za ta haihu, a gaban masu duba zuciya. Goggo ta bi ta da tabarmarta da butarta, ta yi faɗa da duk nas ɗin da ke ɗakin. Haihuwar ta zo da wuya. Bayan an sauka sai da aka sa wa Mairo abin numfashi, muka yi kwanaki ba mu san inda za ta faɗa ba. Ta tashi. Mace ta haifa.

Inna Adama ta zo asibitin da ƙwaryar fura. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi wa Goggo sannu da hidima, ta yi wa matar gadon kusa sannu, ba ta dubi gadon 'yarta ba. Da na fito ta biyo ni baranda, ta kama gefen hijabina, ta ce, "Ta ci wani abu kuwa?" Na ce ta ci. Ta saki hijabin ta tafi neman mota.

Wanka an yi, kada ku ce mun hana. Da likita da Goggo aka yi ciniki kamar na saniya, aka tsaya a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, kunu ba kanwa, miya gishiri kaɗan. Itacen amalanke a girkin suna ya ƙare. Bayan suna sakamako ya dawo. Mairo na ɗauke da tabon. Bello ma haka, ko da yake zuciyarsa lafiya take tukuna, duk shekara yana zuwa hoto. Hassana ba ta ɗauko ba. Goggo ma ba ta ɗauko ba, kuma duk Gwiwa ba wanda bai ji wannan labari daga bakinta ba. Har yau in ta gan ni sai ta ce na sa ta mayar wa mutane 'ya ɗanya. Mairo na shan maganinta, an kuma zaunar da ita da mijinta an gaya musu maganar wani ciki sai an zo an yi shawara tukuna.

Watannin baya suka zo a duba ta. Ƙa'ida ce duk zuwa a sake tambayar dangi, ko an samu ƙari ko an yi rashi. Na buɗe takardar gidansu, na ce, Mairo, 'ya'yanki nawa yanzu?

Ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin mayafi.

"Tukuna dai," in ji ta.

Yarinyar na bayan Goggo, ta kama ɗan kunnenta tana ja, Goggo na zaginta da Fulatanci. Ban sake tambaya ba. Na ja layi daga da'irar Mairo zuwa ƙasa, na zana ƙarama, na tambayi Goggo sunan. Ita ma rabi da rabi ce, kuma za mu bi ta.

Wadda za ta ji "tukuna" ta rubuta babu, ta ajiye mini kulata tun yanzu.